BABI NA UKU: KALMOMIN TILASTAWA DA TSORATARWA NA INGILISHI DA MATSALOLINSU GA MAI JIN RASHANCI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin nazarin wani rukuni na kalmomin Ingilishi, wato waɗanda ake amfani da su wajen bayyana yadda wani kan sa wani ya aikata abin da ba ya so, ko dai ta hanyar ƙarfi, ko barazana, ko kuma jefa tsoro a cikin zuciyarsa. Za a dubi waɗannan kalmomi ne ta fuskar mai koyon da ya tashi da Rashanci a matsayin harshen uwa. Dalilin ware wa wannan rukuni babi guda shi ne, kuskure a cikinsa ya fi kuskure a sauran kalmomi tsada. Wanda ya rikita sunayen kayan miya, dariya kawai za a yi masa a kasuwa. Amma ma'aikacin da ke kai kukan shugabansa, ko shaidar da ke magana gaban alƙali, ko tafintan da ke tsakaninsu, idan ya ɗauki wata kalma a madadin 'yar'uwarta, yana iya mayar da ƙorafi ya zama zargin aikata babban laifi, ko kuma ya mayar da babban laifi ya zama ƙaramar magana.

Rashanci ba ya fama da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Yana da zastavit' da vynudit' da prinudit' da ugrozhat' da zapugat' da vymogat' da sauransu. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da kowane harshe ke ajiye bayanai biyu: hanyar da aka bi wajen tilastawa, da kuma ko tilastawar ta yi nasara. Za a ga cewa harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye su ba, kuma yawancin matsalolin mai koyo daga nan suke tasowa.

An rubuta kalmomin Rashanci da haruffan boko domin sauƙin karatu. Alamar tauraro a farkon jimla tana nuna cewa jimlar ba karɓaɓɓiya ba ce.

3.1 Aikatau zastavit' da takwarorinsa na Ingilishi

Aikatau zastavit' yana da faɗin ma'ana ƙwarai. Da shi ake faɗin abin da uwa ta yi wa ɗanta, da shi kuma ake faɗin abin da jami'in bincike ya yi wa wanda ake tuhuma:

(1) a. Mat' zastavila syna poest'.
Uwa ta sa ɗanta ya ci abinci.
b. Sledovatel' zastavil ego priznat'sya.
Jami'in bincike ya tilasta masa ya amsa laifi.

A Ingilishi jimla ta farko da make za ta tafi, ta biyu kuwa da force ko coerce. Ƙamus zai jera wa mai koyo make da force da compel da coerce da oblige a layi ɗaya, kamar duk abu guda ne, alhali kowace da gurbinta.

Make ita ce mafi sauƙi, kuma ta yi kusa da "sa" ta Hausa, domin ba lalle ne a sami zalunci a cikinta ba. Matsalarta ta nahawu ce. Ba ta ɗaukar to idan an ambaci mai aikin, amma tana ɗauka idan an juya jimlar aka ɓoye shi:

(2) a. They made him sign.
b. *They made him to sign.
c. He was made to sign.

Mai koyo yakan faɗa cikin kuskuren (2b) saboda ya saba ganin to a gaban duk aikatau da ya yi daidai da sigar Rashanci mai ƙarewa da -t'. Haka kuma Rashanci na da wata jimla da ba a ambaton mai aiki a cikinta, kamar Ego zastavili podpisat', wadda ta yi daidai da "an sa shi ya rattaba hannu" ta Hausa. Ingilishi ba shi da irin wannan "an", don haka (2c) ce takwararta ta gaskiya. Wanda ya fassara ta da (2a) zai jawo wa kansa tambayar "su wa?"

Force tana nuna cewa akwai turjiya da aka murƙushe. Mai tilastawar na iya zama mutum, yana iya zama hali ko yanayi. Compel kuwa kalmar rubutu ce, an fi jin ta inda doka ko lamiri ko larura ne ke tura mutum. Sifar da aka samo daga gare ta, wato compelling, ta rabu da tilas kusan baki ɗaya, domin a compelling argument hujja ce mai gamsarwa wadda ba a iya kau da kai daga gare ta. Oblige ta shafi wajibi, kuma obyazat' ce ta fi kusa da ita.

Coerce ce ta fi buƙatar kulawa. Asalinta daga Latin ne, coercere, mai ma'anar killacewa ko taƙaita wa abu motsi. A Ingilishin yau tana da sharuɗɗa biyu: dole mai aikin ya kasance mutum ko hukuma, kuma mai magana yana ganin abin da aka yi bai halatta ba.

(3) a. The storm forced us to turn back.
Guguwa ta tilasta mana komawa.
b. *The storm coerced us to turn back.

Saboda haka prinudit' ce takwararta, ita ma kalmar ofis da kotu ce. Dokar manyan laifuffuka ta Rasha ta 1996, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1997, ta yi amfani da sunan da aka samo daga gare ta, prinuzhdenie, a sashe na 40 game da tilasta wa mutum ta jiki ko ta tunani, da sashe na 179 game da tilasta wa mutum ƙulla ciniki.

Akwai kuma wata 'yar matsala ta nauyin magana. Ɗan Rasha yakan ce ya byl vynuzhden a kan abin da bai taka kara ya karya ba, misali ya makara sai ya ɗauki tasi. Idan ya mayar da ita I was forced to take a taxi bai karya dokar nahawu ba, sai dai Bature zai ji kamar an zuzuta maganar. I had to ita ce daidai a nan.

3.2 Tsarin into da batun nasarar tilastawa

Wannan shi ne ginshiƙin babin, don haka za a ɗan tsaya a kansa.

Idan mai jin Rashanci yana son ya faɗi hanyar da aka bi aka tilasta wa wani, yakan bar aikatau zastavit' yadda yake, sannan ya kawo hanyar a matsayin suna dabam. Sunaye a Rashanci suna da sigogi shida bisa aikinsu a cikin jimla, ɗaya daga cikinsu ita ce sigar kayan aiki, wadda ke yin abin da "da" ke yi a Hausa:

(4) a. Ego ugrozami zastavili podpisat'.
An tilasta masa rattaba hannu da barazana.
b. Ego shantazhom zastavili molchat'.
An tilasta masa yin shiru da barazanar tonon asiri.

Ingilishi yana iya bin wannan hanya, amma ba ita ya fi so ba. Abin da ya saba yi shi ne ya ɗauki hanyar ya mayar da ita aikatau, ya bi ta da into, sannan aikin da aka tilasta ya zo da ɗafa-ƙeyar -ing:

(5) a. They frightened him into signing.
b. They blackmailed him into keeping quiet.
c. She shamed him into paying.
Ta kunyata shi har ya biya.
d. They bullied her into resigning.
Sun ci zalinta har ta ajiye aiki.

Abin lura a nan shi ne, babu kalmar "tilasta" ko ɗaya a cikin waɗannan jimloli. Tsarin ne da kansa yake ɗauke da ma'anar. Shi ya sa ko aikatau marasa zafi suna shiga cikinsa, kamar talk da trick da charm, a sami talked him into going, wato ya lallashe shi har ya tafi. Kishiyar into ita ce out of, kamar a They frightened her out of testifying, wato sun tsoratar da ita har ta fasa ba da shaida. Rashanci ba shi da tsari ɗaya da ya yi daidai da wannan, don haka mai koyo yakan gane shi idan ya karanta, amma da wuya ya fito daga bakinsa. Sai a ji yana cewa They forced him to sign by means of threats, jimla mai kyau a nahawu amma mai nauyi, irin wadda ake gane fassara ce tun daga nesa.

Batu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Yawancin aikatau na Rashanci suna zuwa ne bibbiyu, ɗaya na nuna aikin da ya kammala, ɗaya na nuna wanda ake cikin yi ko ake maimaitawa. Zastavit' na kammalalle ne, zastavlyat' kuwa na wanda bai kammala ba. A wannan fage bambancin nasu shi ne bambancin nasara da yunƙuri:

(6) a. Ego zastavili podpisat'.
An tilasta masa, ya kuwa rattaba hannu.
b. Ego zastavlyali podpisat', no on otkazalsya.
An yi ta matsa masa ya rattaba hannu, amma ya ƙi.

Ingilishi ba shi da irin waɗannan tagwaye. Make da force da coerce idan suka zo a shuɗaɗɗen lokaci suna nufin aikin ya tabbata. Don haka wanda ya fassara (6b) kai tsaye zai sami jimlar da ke ƙaryata kanta:

(7) a. *They forced him to sign, but he refused.
b. They tried to force him to sign, but he refused.
c. They pressured him to sign.
d. They pressured him into signing.

A (7b) sai da aka ƙara tried to kafin maganar ta daidaita. Bambancin (7c) da (7d) kuwa shi ne abin da ya kamata malami ya fi nanata wa ɗalibi. Ta farko ba ta faɗi ko ya sa hannu ba, ta biyu ta tabbatar da cewa ya sa. Wato ke nan abin da Rashanci ke yi da sigar aikatau, Ingilishi na yin sa da zaɓin to ko into, ko kuma da ƙarin try. A ɗauka wani yana ba jami'in shige da fice labarin yadda aka yi ta matsa masa ya ba da sunayen abokansa amma ya ƙi, ya ce menya zastavlyali, tafinta kuma ya ce they forced me. An riga an rubuta cewa ya bayar. Idan daga baya ya ce bai bayar ba, sai a ga kamar ya sauya magana, alhali kuwa harafi biyu ko uku ne na Rashanci suka salwanta a hanya.

3.3 Threaten da intimidate

Aikatau ugrozhat' yana sa wanda aka yi wa barazana a sigar "wa", abin da aka yi barazanar da shi kuma a sigar kayan aiki. A nan Hausa da Rashanci sun yi tafiya ɗaya, Ingilishi ne ya ware:

(8) a. On ugrozhal mne nozhom.
Ya yi mini barazana da wuƙa.
b. He threatened me with a knife.
c. *He threatened to me by a knife.

A Ingilishi mutumin karɓau ne kai tsaye, babu wani harafi a gabansa, kuma with ce ke gabatar da makami ko hukuncin da ake barazana da shi. To tana biyo bayan threaten ne kawai idan aikatau zai zo, kamar He threatened to call the police. Akwai kuma grozit', ɗan'uwan ugrozhat', wanda jaridun Rasha ke yawan amfani da shi a jimla irin Emu grozit pyat' let tyur'my. A zahiri cewa aka yi shekara biyar a kurkuku na yi masa barazana, amma Ingilishi juya maganar yake yi ya ce He faces five years in prison.

Wannan saiwa ta groz- ita ce a cikin groza, wato hadari mai tsawa, da ugroza, barazana, da kuma laƙabin Ivan na Huɗu wanda aka naɗa a 1547 ya rasu a 1584, Ivan Groznyy. Turawan Ingila sun fassara laƙabin da the Terrible a lokacin da kalmar ke nufin mai ban tsoro da kwarjini. Yau terrible ta fi nufin mummuna ko maras kyau, don haka ɗalibin da ya koyi kalmar daga sunan sarki, ya kira malaminsa mai kwarjini a terrible teacher, ya ce masa bai iya koyarwa ba ne. Formidable ko intimidating ya kamata ya nema.

Intimidate ta fito daga timidus ta Latin, wato matsoraci. Bambancinta da threaten shi ne, threaten tana kallon abin da aka faɗa ko aka nuna, ita kuwa tana kallon abin da ya faru a zuciyar wanda aka yi wa. Ana iya razana mutum ba tare da an furta komai ba, misali ƙarti biyu su tsaya ƙofar gidansa kullum. Zapugat' ce takwararta, ba ispugat' ba, domin ispugat' tsoratarwa ce ta lokaci guda wadda ko bisa kuskure tana faruwa, kuma frighten ko scare ne suka dace da ita. Dokokin ƙasashen da ke magana da Ingilishi suna kiyaye wannan bambanci. Dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta Amurka ta 1965 ta jera intimidate da threaten da coerce a jimla ɗaya, sannan ta sake jera su bayan kalmar attempt, wanda ke ƙara tabbatar da abin da aka faɗa a 3.2 cewa yunƙuri sai an ambace shi dabam. A Ingila da Wales kuma razana shaida laifi ne a ƙarƙashin sashe na 51 na wata doka ta 1994.

Sai dai sifar intimidating ba ta buƙatar mugun nufi. Jarrabawa ko babban ɗakin taro ko farfesa mai yawan sani duk suna iya zama intimidating. Haka kuma kalmar ba ta da dangantaka da intimate, wadda ta yi kama da intimnyy ta Rashanci mai nufin abin da ya shafi sirrin mutum ko kusanci tsakanin namiji da mace. Kamannin rubutu ne kawai.

Ta fuskar furuci, Rashanci ba shi da sautin th, kuma yana mayar da d ta ƙarshen kalma t. Saboda haka threat da treat da thread, wato barazana da kyautatawa da zare, suna iya haɗewa a bakin mai koyo.

3.4 Aikatau masu ɗauke da hanyar tilastawa

Tun da Ingilishi na cusa hanya a cikin aikatau, ba abin mamaki ba ne ya tara irin waɗannan kalmomi da yawa. Kusan dukansu suna shiga tsarin into.

Bully ce ta fi yawo a baki. Tana nufin mai ƙarfi ya riƙa cin zalin marar ƙarfi a kai a kai, a makaranta ko wurin aiki ko tsakanin ƙasashe. Abin mamaki, a ƙarni na 16 kalmar ƙauna ce da ake kiran masoyi da ita. Rashanci ba shi da kalma ɗaya da ta rufe ta. Akwai travlya, wadda asalinta sakin karnuka ne a kan dabba wajen farauta, kuma ta fi nuna taron dangi a kan mutum ɗaya. Akwai khuligan, wadda Rashanci ya aro daga hooligan ta Ingilishi, har khuliganstvo ta zama sunan laifi a sashe na 213. Mai koyo yakan so ya mayar da ita gida a madadin bully, amma hooligan a Ingilishin yau ɗan tarzoma ne a bainar jama'a, musamman a filin ƙwallo, ba yaron da ke ƙwace wa ƙarami abinci ba. Ita kuwa dedovshchina, wato cin zalin da tsofaffin sojoji ke yi wa sababbin shiga, wadda aka samo daga ded, kaka, a Amurka hazing za a kira ta, a Birtaniya kuwa bullying.

Browbeat tsoratarwa ce da tsawa da haɗe gira, irin ta lauya ga shaida. Cow a matsayin aikatau ba ruwanta da saniya, tana nufin karya wa mutum gwiwa har ya yi laushi, kuma an fi ganin ta a sigar cowed. Strong-arm ta nuna ƙarfin tuwo. Railroad kuwa gaggawa ce, a tura doka ko hukunci a guje ba tare da an ba mutane damar magana ba.

Wasu biyu suna da tarihin da ke taimaka wa ɗalibi riƙe su, musamman da yake ya san sunayen a harshensa. Ya san bul'dozer, motar ture ƙasa, amma aikatau bulldoze ya girmi motar. Ya bazu ne a Amurka lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1876, ana nufin razana baƙaƙen fata masu jefa ƙuri'a a jihohin kudu. Ya kuma san dragun, wani nau'in sojan doki. Daga 1681 gwamnatin Sarki Luwis na 14 na Faransa ta riƙa sauke irin waɗannan sojoji a gidajen 'yan Furotesta domin su gallaza musu har su koma Katolika. Yau idan aka ce I was dragooned into helping, galibi cikin raha ake nufin an ja mutum aikin da bai yi niyya ba. Haka ma press-gang, wadda asalinta kamen mutane ne a sa su aikin jiragen yaƙin Birtaniya.

Wannan sanyin da kalmomi ke yi wani tarko ne. Rashanci na da vykruchivat' ruki, murɗe hannu, Ingilishi kuma na da twist someone's arm. Hoton ɗaya ne, amma na Rashanci ya fi tsayawa a kan matsin lamba na gaske, na Ingilishi kuwa har baƙon da aka ƙara wa abinci yana iya cewa you've twisted my arm yana murmushi. A ɗaya ɓangaren, lean on tana da kamar taushi, tun da jingina ce a zahiri, amma idan aka ce an jingina da shaida, davit' na ake nufi, wato an matsa masa lamba a ɓoye.

3.5 Blackmail da extortion da racket

A maganar yau da kullum blackmail ta yi daidai da shantazh, extortion kuma da vymogatel'stvo. Rashanci ya aro shantazh daga chantage ta Faransanci, kuma ɗalibi kan yi zaton tun da kalmar Turai ce za a gane ta a Ingilishi, amma ba a amfani da ita. Mail da ke cikin blackmail ba wasiƙa ba ce. Tsohuwar kalma ce ta Sikotlan mai nufin haraji ko kuɗin haya, kuma a ƙarni na 16 blackmail kuɗi ne da manoman kan iyakar Ingila da Sikotlan ke biyan 'yan hari domin a bar musu dabbobinsu. Ma'anar tonon asiri daga baya ta zo. Extort kuwa daga torquere ta Latin take, wato murɗawa. Nahawunsu ya bambanta: blackmail mutum take ɗauka a matsayin karɓau, extort kuwa abin da aka karɓa, kamar a They extorted money from him. Ba a cewa they extorted him a Ingilishin rubutu na ƙa'ida.

Da an shiga harshen doka sai wannan daidaito ya rushe. A dokar Rasha vymogatel'stvo ne sunan laifin, a sashe na 163, kuma ya haɗa da neman dukiya ta barazanar duka, ko lalata kaya, ko yaɗa abin kunya. Shantazh ba ta da sashe nata, tana zuwa ne a matsayin hanyar aikata wasu laifuffuka. A Ingila da Wales kuwa sashe na 21 na dokar sata ta 1968 ya kira laifin blackmail, ya kuma bayyana shi da neman abu ba bisa haƙƙi ba tare da menaces, wato kowace irin barazana, hukuncinsa yana kaiwa shekara 14. A dokar tarayya ta Amurka ta 1946 da aka sani da sunan Hobbs, extortion aka yi amfani da ita. Ke nan mutumin da ya ce a ba shi kuɗi ko ya ƙona shago, a Mosko vymogatel'stvo ya aikata, a Landan blackmail, a Niyok extortion. Mai fassara sai ya san ƙasar da takardar za ta kafin ya zaɓi kalma.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, kalmomin reket da reketir sun cika bakin jama'a a Rasha. An aro su daga racket, amma an taƙaita ma'anar ga karɓar kuɗi daga 'yan kasuwa da sunan kariya. A Ingilishi racket kowace irin haramtacciyar sana'a ce, har ma da hayaniya, don haka sai an ce protection racket kafin a sami ma'anar Rashanci. Krysha, wadda a zahiri rufin ɗaki ce, ita ce sunan wannan kariya, kuma protection ce fassararta, ba roof ba. Aron kalmomi bai tsaya nan ba. Daga shekarun 2010 Rashanci ya karɓi bulling da abyuz da kharassment, kuma ta ƙarshen ta fi karkata ga cin zarafi na neman mata, alhali harass ta Ingilishi ta haɗa duk wata takurawa da ake maimaitawa, kamar yadda dokar Birtaniya ta 1997 kan wannan batu ta nuna. Ingilishi ma ya karɓi kompromat daga Rashanci, wato bayanan ɓata suna da ake ajiyewa domin riƙe mutum, kalmar da ta yawaita a jaridun Amurka da Birtaniya a 2017.

Saura duress, wadda ba ta da aikatau, kuma kusan koyaushe a cikin under duress take zuwa. Ita ce wanda ya sa hannu a takarda ko ya amsa laifi ke buƙata idan yana son kotu ta yi watsi da abin da ya yi. Ɗan Rasha yakan ce pod davleniem, kuma fassarar da ke fara zuwa masa ita ce under pressure. Sai dai ɗalibi mai jarrabawa da ɗan kasuwa mai bashi duk under pressure suke, kalmar ba ta ɗauke da zargin cewa wani ya keta doka. Idan barazana ce aka yi masa, pod prinuzhdeniem yake nufi, kuma I signed under duress ita ce jimlar da lauyansa zai iya aiki da ita.